Isiyaku Mai Shela da Tsamiyar Kasuwar Jega

Faɗana da Isiyaku mai shela a kan akuya ya faro. Ta ɓace mini ranar kasuwa, na kai masa cigiya, na ce ya gaya wa jama'a ja ce, kyakkyawa, mai jiki. Da la'asar ya hau saiwar tsamiyar da ke tsakiyar kasuwar Jega, ya buga kugensa, ya buɗe wannan maƙogwaro nasa.

"Akuyar Tani mai fura ta ɓace! Ja ce, ramammiya, kunnen hagu a yage, tana ɗingishi!"

Kasuwa ta kwashe da dariya, mahauta har da tafi. Yana saukowa na tare shi da ludayi a hannu.

"Kai mai ƙarfe, ni na ce maka ramammiya ce?"

"Ba ki ce ba. Amma na san akuyar, kullum tana satar dusa a rumfar masu awo."

"To wa ya aike ka tona mata asiri?"

"Tani, in na ce kyakkyawa, duk mai akuyar kirki ya shiga uku. In na ce ramammiya mai yagaggen kunne, taki kaɗai ce a ƙasar ga."

Na zage shi tas, har kakansa da ban taɓa gani ba. Akuyar kuwa kafin magariba an jawo mini ita.

Haka Isiyaku yake. Ɗan unguwar Jega Firchin ne, gajere, mai faɗin ƙirji, kuma gadon shela ya yi. Kugen, wannan ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa da ƙaho, daga hannun ubansa ya karɓe shi. Uwarsa Bafulatana ce, don haka a nono ya sha Fillanci. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da ya faɗa a kan saiwar nan, mutum yakan ɗauka ya kai gida ba tare da ya nemi shaida ba.

Shelarsa tana da lokacinta, kuma da dalili. Mutanen Aliero da Maiyama da Giwa Tazo da na rugage da asuba suke tasowa, ba sa isowa sai rana ta take. Su sayar, su saya, su yi la'asar, sannan kafin kowa ya kama hanya a taru a gindin tsamiya. Zai faɗa da Hausa, ya juya da Fillanci: wanda ya rasu, jakin da aka tsinta, rijiyar da ta rufta, saƙon manya. Ranar da babu labari kuwa, ba ya fitowa sam. In inuwa ta kai rumfar masu gishiri ba a ji ƙarfe ba, sai kowa ya ce alhamdu lillahi, gari lafiya, ya ɗaure kayansa.

Nasara ba su daɗe da zama ba, kuma yadda suka murƙushe tawayen Satiru bai bar bakin mutane ba. Baturen da ke bariki a bayan gari in ya ga mutum goma tsaye wuri ɗaya sai ya aiko a ji me suke cewa. Wata safiya Alu sarkin kasuwa ya kira Isiyaku cikin rumfarsa, ya kori masu zaman banza, ya yi ƙasa da murya.

"Shela ta tashi daga tsamiya. Daga yau a ƙofar bariki za ka yi, da hantsi, in anka busa bigila. Hausa zalla. Tafinta ba ya jin Fillanci, abin da bai ji ba kuwa bai yarda a faɗa ba."

"Ranka shi daɗe, da hantsi wa ya iso? Mutanen Maiyama ko rabin hanya ba su yi ba."

"Ni ka ke tambaya? Wanda duk ya buga ƙarfe ya tara jama'a a wani wuri ba can ba, sunan shi ɗan tawaye. Ka san mi a ke yi wa ɗan tawaye."

Isiyaku ya shafa ƙahon kugensa.

"To a bar ni in hau tsamiya yau kaɗai, in gaya musu an tashi."

Alu ya ga maganar da hankali, ya tafi ya tambayo. Ya dawo yana share gumi. Tafinta ya ce doka ta riga ta fara aiki, sanarwar tashi ma a sabon wuri za a yi ta.

Yaran yanzu, in gidan rediyo zai sauya inda ake kama shi a akwati, sai ya yi ta gaya musu tun a tsohon wurin har su gaji da ji. Mu ba a yi mana wannan gata ba. Isiyaku ya tsaya a ƙofar bariki ya sanar da sojoji, da kukun Bature, da mai wanki, da kajin da ke tono a bakin shinge, cewa shela ta bar gindin tsamiya. Mutanen gari suka ji daga baya, suka taɓe baki. Mutanen ƙauye kuwa suka ci gaba da zuwa da la'asar, su zauna, su ji shiru, su tashi suna godiya ga Allah gari lafiya.

Ana haka sojoji suka tare wasu fatake a mashigin gulbi, suka sami yaran sata a cikin ayarinsu. Na kusa da gari iyayensu suka zo suka ɗauka. Aka bar yarinya ɗaya, 'yar Fulani, ba ta wuce fara famfara ba. Aka ajiye ta wurin matar kuku a bayan bariki. Tafinta ya yi ta tambayar ta sunan ubanta, da lallashi, da tsawa, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya ce taurin kai ne. Isiyaku ya san ba haka ba ne, ɗiyar Fulani ba ta kama sunan ubanta ko za a yanka ta. Ya tsuguna ya yi mata Fillanci a hankali. Ta ɗago ta dube shi, idanunta suka cika, ta mayar da kai. Garinsu ma ba ta san sunansa ba, ruga ce, yau nan gobe can. Matar kuku ce ta ce masa kullum rana ta yi sanyi sai yarinyar ta je bakin shinge ta yi ta kira, "Wule, Wule," da irin muryar da ake kiran saniya.

Bature ya yanke magana, kuma ba a ce bai yi adalci irin nasu ba. A yi shela. Duk wanda ya zo da shaidu, ya ɗauki ɗiyarsa. In ba a zo ba, akwai ayarin 'yan dako da zai tashi kudu wata ranar kasuwa, bayan an ci 'yan kasuwanni, za a haɗa su da ita zuwa Zungeru, inda ake tara yaran da ba a san iyayensu ba. Wanda aka kai can, ba mu taɓa jin ya dawo ba.

Kasuwa ta ci, ta sake ci. Isiyaku yana tsayawa da hantsi yana zuba murya a fili, tana dukan bangon bariki tana dawo masa. Sai ya koma raɗa. Ya bi mahauta, ya bi dillalan kara inda ake cinikin shanu, yana cewa in kun ga Fulani ku gaya musu akwai yarinya a bariki. Maganar ta shiga baki ta fita baki, kafin ta isa rugage ta zama wai Bature na kiran Fulani bariki a ƙirga musu shanu, kuma Isiyaku ne ɗan aike. Mutumin da dā ake buɗa masa hanya, yanzu in ya doso sai hira ta mutu.

Ni ce na tare shi a bayan rumfar masu tukwane, don abin ya ishe ni.

"Mai ƙarfen Nasara, an yini lafiya?"

"Tani, ba ni da ƙarfin faɗa yau."

"Wa ya ce faɗa na zo? Akwai wata Hafsatu da ke kawo nono kusa da ni, daga wajen Giwa Tazo. Dā da ta sayar take tashi. Yanzu sai ta kife ƙwarya ta zauna, ta sa wa saiwarka ido har inuwa ta wuce masu gishiri. Na ce mi ki ke jira, ta ce hutawa take. Mai hutawa ba ta ramewa haka."

Ya je. Ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya kamata, ya gaishe ta da Fillanci, ya ce, "Baiwar Allah, ko an yi muku ɓatan yarinya?"

Hafsatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Yarinya ce ita ma, ba ta kai ashirin ba. Ta dube shi ta gefen ido, ta dubi sojan da ke yawo a tsakanin rumfuna, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige cikin mutane.

Isiyaku ya tsaya kamar an dasa shi. In ɗiyarta ce, to 'yar fari ce, shekarunta sun nuna. Bafulatana kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi, balle ga baƙon namiji da ake cewa yaron bariki ne. Shi ya sa tun kaka da kakanni cigiyar mutum a bainar jama'a ake yin ta. Mai shela ya jefa maganar a tsakiya, dattawan dangi su cafe, uwa ba ta buɗe baki ba an kawo mata ɗanta. Raɗa ba ta yin wannan aiki. In kuwa ba ɗiyarta ba ce, to ya tsorata matar mutane a banza.

Ranar da ayari zai tashi ta zo. Da hantsi bigila ta yi kuka, ya yi shelarsa, ba wanda ya ji sai masu ɗaure kaya. Ya hango yarinyar zaune a kan wani akwati, an ɗaura mata sabon zane da ya fi ƙarfinta. Shugaban 'yan dako ya ce sai rana ta karya za su kama hanya, su ƙetare gulbi su kwana a gaba. Hanyar kudu kuwa ta Maiyama take bi. Za a wuce da ita ta gefen dajin da aka sato ta.

Ya koma gida bai taɓa abinci ba. Da azahar ta gota ya miƙa hannu inda yake rataye kuge, bai same shi ba. Matarsa Tabawa tana tsaye a bakin ɗaki, hannunta a baya.

"Ba ni."

"Maigida, ɗiyar wani ce. Naka ɗiyan fa?"

"Ba ni, Tabawa."

"Ka ma san uwar na kasuwa? Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba."

"To a kan ban tabbata ba za ka kai wuyanka?"

Hannunsa dai yana miƙe. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ɗora masa ƙarfen a tafi, ta juya ta shige ɗaki ta saki asabari.

Ya sa kugen cikin riga. A bakin kasuwa ya yi kiciɓis da Alu. Sarkin kasuwa ya dubi tudun da ke ƙirjinsa, fuskarsa ta sauya.

"Isiyaku, ban gan ka ba. Ka ji? Ina can wajen masu awo, ban gan ka ba."

Da ya bi ta zuciyarsa da tun a lokacin ya hau, amma buga ƙarfe kafin la'asar ɓarnar ƙarfe ne. Fulani suna kara, ba sa barin shanu sai an kira salla. Ya zauna a cikin masu sayar da igiya yana jira. Sojan nan yana jingine da rumfar gishiri, bindiga a kafaɗa, yana cin gyaɗa. Ladan ya yi kira. Ana cikin sahu Isiyaku ya jiyo waƙar 'yan dako daga can wajen bariki, tana gangarawa gulbi. Ya rasa raka'a nawa aka yi.

Aka sallame. Mutane suka fara taruwa a inuwa kamar kullum, suna jiran shirun da za su kai gida. Ya duba wurin masu nono. Ga ni da furata, ga wata tsohuwa, ga wata. Gurbin Hafsatu babu kowa.

Ya kore ta da tambayarsa ke nan. Har ya juya zai tafi, sai ya ga dattawan kara suna shigowa inuwar da sandunansu a wuya, suna zama a inda suka saba. Ya ciro ƙarfen, ya hau saiwa.

Bugun farko kasuwa ta ɗauke wuta. Wata mata ta saki tulu. Sojan ya tsaya da tauna.

"Ku ji, jama'a! Wanda ya ji shi kai wa na gida! An tsinci yarinya a hannun ɓarayin mutane! Fara ce, ta fara famfara, ɗan kunne ɗaya na jan ƙarfe, tabon wuta a ƙafar dama! Yanzu haka an tasa ta gaba zuwa mashigi, za a kai ta kudu! Wanda ya zo da shaidu za a ba shi! Ni Isiyaku na faɗa!"

Ba wanda ya motsa. Mutane suna dubansa, suna duban sojan, wanda ya zubar da gyaɗarsa ya fara ratsa taro yana ture na gabansa.

"Kai! Sauko!"

Isiyaku ya ɗaga kugen ya sake bugawa, ya juya harshe. Fillancin ya fito masa da ƙarfi har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya maimaita kamannin, ya faɗi tabon, ya faɗi ɗan kunnen. Dattawan kara suna duban ƙasa. Yara masu tabon wuta sun yi yawa a rugage. Sojan ya iso gindin saiwa, ya kama masa riga. Isiyaku ya riƙe reshe da hannu ɗaya, ya ƙara abin da bai taɓa faɗa a bariki ba don tafinta ya ce shirme ne: kullum da yamma tana kiran wata saniya wai ita Wule.

Gindin bindiga ya sauka a kan hannun da ke riƙe da kuge. Har rumfar mahauta an ji ƙarar ƙashin. Ya faɗo ƙasa, ƙarfen ya yi tsalle ya gangara.

Yana kwance, ƙasa a bakinsa, ya ji wata tsohuwar murya ta tashi daga cikin Fulani. Buba ne, wani dattijo mai ido ɗaya.

"Wule saniyar Hamma ce! Kaltume ce, ɗiyar Hamma, da ya bi sawunta yamma bai dawo ba!"

Can bayan masu ƙore, inda ba a zaton kowa, wata mace ta miƙe. Hafsatu ce, ta zo ashe, ta ɓuya ne. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira suna ba. Ta ajiye ƙwarya a ƙasa a hankali, ta fara tafiya wajen gulbi kamar mai zuwa ɗiban ruwa. Da ta fita daga rumfuna sai ta tattare zane ta zuba da gudu. Buba da dattawa suka dafa mata baya, kasuwa ta ɓalle ta bi su.

Isiyaku bai ga sauran ba. Aka ja shi bariki, hannu yana reto. Tafinta ya karɓe kugen ya jefa cikin akwati. Bature ya fito ya dubi hannun, ya yi magana gajeriya. Ba za a ɗaure shi ba, abin da ya samu ya isa, amma ya bar shela, kuma kada rana ta faɗi yana Jega. Ya tambayi tafinta ko an cim ma ayarin. Tafinta ya ce ba aikinsa ba ne.

Tabawa ta samo jaki, don karaya irin wannan sai masu ɗorin Aliero. Can suka tafi, can kuma suka zauna. Hannun ya ɗoru amma ya karkace. Ya koma noman albasa a fadama, ya aurar da 'ya'yansa, ya tsufa. An ce in yana kiran salla a masallacin unguwarsu har gonaki ake ji. Shela ta yi shekaru a bariki kafin wani Bature ya zo ya mayar da ita kasuwa, a bakin wani daban. Isiyaku bai sake taka Jega ba, ni kuma ban sake ganinsa ba bayan ranar nan.

Ranar nan kuwa, a bakin gari na cim musu, na dawo daga gulbi da laka har gwiwa. Yana bisa jaki, fuska ta yi toka, an ɗaure hannun da rawaninsa. Tabawa na riƙe da igiya tana hawaye. Da ya gan ni ya yunƙura, muryar nan da ke cika kasuwa ta dawo kamar ta sauro.

"Tani. Sun ƙetare?"

"Jirgi na farko ya ƙetare da kaya. Ita tana na biyu, ƙafa ɗaya a ciki."

"To?"

"To mi? Uwar ta je ta tsaya a bakin ruwa tana duban wani wuri, kamar ba ta san kowa ba. Yarinyar ce ta fizge ta zo ta shige cikin zanenta. Buba ya dafa Alƙur'ani, Alu ya fito daga inda ya ɓuya ya shaida, aka aika bariki aka ce a sake ta. Sun kama hanyar Giwa Tazo, tana goye da ita, ƙafafun na jan ƙasa."

Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Jakin ya yi gaba, ya tangaɗa kamar zai zame.

"Kai, buɗe idonka ka riƙe akumari!" na daka masa tsawa. "Hannu ɗaya ya rage maka, kar ka faɗo ka kai wa mutanen Aliero aiki biyu."